Rubutu Ɗaya Ba Ya Isar Masu Karatu Biyu

Ka tambaye ni, ɗana, ko rubutu ɗaya zai gamsar da masanin kimiyya da kuma wanda bai taɓa leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba. Da wuya. Ka rubuta biyu, amma gaskiyar da ke cikinsu ta zama ɗaya.

Masani idan ya ɗauki takardarka, hanyar da aka bi yake nema: mutum nawa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, aka ɗauki wane lokaci. Ka ce masa Plasmodium falciparum ka wuce, bayani ɓata masa lokaci ne. Shi kuwa ɗayan, fara masa da abin da aka gano. Maimakon Plasmodium falciparum, ka ce ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, wadda macen sauro ke kwasowa daga jinin wani ta zuba wa wani. Baƙuwar kalma ɗaya ko biyu ta ishe shi. Ka warware masa ita sau ɗaya, kada kuma ka yi ta canza mata suna don zance ya yi armashi.

Inda nake so ka kasa kunne sosai shi ne wajen alƙaluma. A Oktoban 1995 hukumar sa ido kan magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Ba ƙarya ba ne. To amma daga nawa zuwa nawa? Daga kusan mace 1 cikin 7,000 zuwa 2 cikin 7,000. Likita ya san ya yi wannan tambayar, mai karanta jarida bai sani ba. Mata da dama suka firgita suka ajiye maganin nan take, aka yi ta samun juna biyu ba shiri. Wannan labari yana taɓa ni har yau, domin masu irin aikinmu ne suka yaɗa rabin magana.

Haka idan a kan ɓeraye aka yi gwajin, faɗi haka tun a jimlar farko. Idan mai binciken ya ce "mai yiwuwa", ba ka da ikon mayar da ita "tabbas".

Ni idan na gama, mutum biyu nake ba wa. Masani ya nuna mini inda na kauce. Ɗayan kuma ba na tambayarsa ko ya gane, don kunya za ta sa ya ce e. Cewa nake ya rufe takardar ya maimaita mini abin da ya karanta da bakinsa. Duk inda ya yi tuntuɓe, nan zan koma in gyara.