Sau huɗu ana kiran sunansa a kotu, shiru

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki ba ni shawara, wallahi na gaji. Mijina ya tafi Fatakwal neman kuɗi tun 'yata tana goye, ga shi yau da ƙafarta take zuwa islamiyya. Ba aike, ba waya, ko sisi. Na sayar da gado, na sayar da firji, kwanukan jerena sun tafi ɗaya bayan ɗaya. Da tura ta kai bango na kai ƙara. Sau huɗu ina zuwa kotu, sau huɗu ana kiran sunansa, shiru, sai a ɗage. Kuɗin adaidaita ma rantowa nake yi. In zauna kan benci tun safe har azahar, a kira shi, shiru, a ce in dawo bayan mako uku. Masinja ya kai sammaci gidansu, mahaifiyarsa ta ce ba ta san inda yake ba, alhali ƙaninsa ya ɗora hoton mijin nawa da sabon ɗinki ranar sallah. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Kawuna ya ce in haɗa sadakinsa in ajiye a wuce wurin, maƙwabciyata kuma ta ce sai na cika shekara huɗu. Shekara huɗu, Anti! Me za mu ci? Na gaji da zaman benci.

Baiwar Allah, Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Ban ji ta bakin mijinki ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Amma maganar kawunki ce ta tsaya min a rai. Macen da ta sayar da gadonta don ta ciyar da 'yarsa ce za a ce ta biya shi sadaki? Kada ki soma. Mayar da sadaki na khul'i ne, inda mace ce ta ga ba ta iya zama alhali ba a cuce ta ba. Ke an cuce ki. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu ke bi, rashin ciyarwa kaɗai ya isa alƙali ya raba aure bayan ya ɗibar wa miji wa'adi, ko yana nan ko ba ya nan.

Shekara huɗun kuwa hukuncin wanda ya ɓace ne, ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, kuma ya bar abin da za a ci. Mai ɗaukar hoto da kayan sallah bai ɓace ba.

Ba ki faɗa min me kika rubuta a ƙarar ba. Ki tabbata rashin ciyarwa da ƙauracewa ne a ciki. Ki je da waliyyinki da shaidu biyu maza, ki shirya rantsuwa cewa bai bar miki komai ba.

Ku kuma iyayen maza, ku ji tsoron Allah. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ta hana a bar mace a rataye. Ɗanku ya bar 'yar mutane da jikarku da yunwa, ku kuma kuna kare shi a bakin zaure?

A zama na gaba, 'yata, ki roƙi alƙali ya kira ƙanin nan ya faɗi inda yayansa yake.