Amsar Maigida kan Fentin Tsofaffin Jiragen Yaƙi

Ɗana, ka tambaye ni ko ya dace mu yi wa mai jirgin yaƙin Amurka samfurin Mustang ɗin nan abin da ya nema, wato fenti mai sheƙi da layukan D-Day a fukafukai (alamar da aka shafa wa jiragen sojojin ƙawance don ranar da suka sauka a Normandi ta Faransa, 6 ga Yunin 1944), alhali takardun jirgin sun nuna a 1945 aka ƙera shi, bayan an daina amfani da waɗannan layuka. Za mu yi masa, amma da sharaɗi.

Abin da mutane ke kira fentin asali bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Tambarin jiragen sojan Amurka kaɗai ya sauya kama sau da dama a Yaƙin Duniya na Biyu: a watan Mayun 1942 aka cire jan ɗigon tsakiyar tauraro don kada a ɗauke shi alamar Japan, a tsakiyar 1943 aka ƙara farin sanda a kowane gefe aka kewaye da ja, ba a jima ba kuma aka mayar da jan shuɗi. Su kansu layukan da yake so, uku farare biyu baƙaƙe, kowanne inci 18 a jirgi mai inji ɗaya, cikin gaggawa aka shafa su, galibi da buroshi, ana gab da 6 ga Yunin 1944, shi ya sa a hotunan lokacin za ka ga layi a karkace, fenti ya zubo har ƙasa. Mu da muke manna tef mu yi feshi layi ya fito sak, mun riga mun kauce wa yadda abin yake tun kafin mai jirgi ya buɗe baki.

Ka raba jirage gida biyu. Akwai wanda tarihinsa nasa ne, kamar Memphis Belle, jirgin B-17 da gidan tarihin sojan sama na Dayton a jihar Ohio ya fara gyarawa a 2005 ya baje kolinsa a watan Mayun 2018, cikin kamar da yake da ita a 1943. Irin wannan amana ce, kuma ko nawa aka ba ni ba zan ɗora masa launin da bai taɓa sawa ba. Akwai kuma wanda bai ga fagen fama ba, kuma da yawa cikin masu tashi a yau haka suke. Jirgin jefa bama-bamai samfurin Lancaster mai lamba PA474 da sojan saman Birtaniya ke ajiye da shi a Coningsby, a 1945 aka gama shi, bai kai hari ko sau ɗaya ba, kuma lokaci zuwa lokaci ana sauya masa alamu don tunawa da rundunoni daban-daban. Idan masu tarihin da kansu suna haka, da wane baki za mu hana mutumin da ke biyan kuɗin inji da mai da inshora daga aljihunsa? Sheƙin ma yana da hujja, domin fenti mai santsi ya fi sauƙin wankewa, yayin da wanda ba ya sheƙi ke riƙe mai da hayaƙin inji. Wani lokaci doka ce ma ke yanke hukunci, kamar a Jamus inda tsofaffin jiragen yaƙinsu na Messerschmitt ke tashi babu alamar 'yan Nazi a wutsiya.

Inda ba na sassautawa shi ne kankare tsohon fenti. Sabon fenti ana iya sake shi baɗi, amma tsohon da ke ƙarƙashi, da lambobin masana'anta, da rubutun fensirin da wani ma'aikaci ya bari a cikin fiffike, da zarar samfefa ta bi ta kansu sun tafi ke nan. Haka kuma ba zan yarda a rubuta a allon da ake kafawa gaban jirgi cewa ya yi yaƙi a Normandi ba. Sai dai a ce an yi masa fenti ne don tunawa da waɗanda suka yi.

Saboda haka gobe kada ka taɓa injin feshi. Ka zaɓi wuri ɗan faɗin tafin hannu kusa da wutsiya, ka goge a hankali hawa-hawa, kowane launi ya bayyana ka ɗauki hotonsa da rula a gefe, ka rubuta inda ka same shi, sannan ka kawo mini mu sa a fayil ɗin jirgin kafin mai shi ya sa hannu a kan zanen da ya zaɓa.