Tambaya da Amsa: Rundunar Matattu, Google Sheets da Sauran Ciwon Kai

Saƙonnin wannan makon kusan duk na 'yan gem ne, kuma yawancinsu akan gem ɗin yaƙi na rundunar matattu, wato ƙwarangwal da fatalwa da bokan dake tada su. Masu tambayar batir da cajar da ta daina aiki ku yi haƙuri sai wani makon.

Tambaya: Salam Malam. Mu takwas muke wani gem da na ƙirƙira da kaina, kowa boka ne da ƙasarsa da rundunarsa ta matattu, ni ne alƙali, suna turo min umarni duk zagaye ni kuma in lissafa in faɗi sakamako. Dokar itace in ka ci yaƙi kaso 30 cikin 100 na waɗanda ka kashe zasu tashi su dawo naka. Toh tun zagaye na shida mutum ɗaya ya fi ƙarfin kowa, sauran har sun fara jan ƙafa. Ko dai cuta yake mana?

Amsa: Ba cuta yake ba ɗan'uwa, lissafi ya iya, kuma kai ka rubuta masa dokar da hannunka. Ɗauko kalkuleta. A ce rundunarsa na ƙaruwa da kaso 30 duk zagaye, 100 zata koma 130, sannan 169, sannan 220, a zagaye na goma ya haura 1,370. Shi kuma wanda aka fara bugewa asara biyu yayi, sojojinsa sun mutu kuma gobe su ne zasu zo yaƙarsa. Duk gem ɗin da ake tada matattu a ciki yana da wannan cutar.

Kaso 30 ɗin nan ma na san inda ka kwaso shi, ko ka sani ko baka sani ba. Heroes of Might and Magic III na 1999 haka yake, fasahar tada matattu tana bada kaso 10, 20 ko 30 gwargwadon ƙwarewar jaruminka, kuma akwai gini a garin matattun da yake ƙara 10 akai. Abun ya dami masu gasa har da yawansu suka riƙa hana ɗaukar wannan garin, daga baya masoyan gem ɗin da suka haɗa ƙarin Horn of the Abyss suka raba kason biyu. Warcraft III na 2002 wata hanya ya bi, ƙwarangwal ɗin da boka ya tada na ɗan lokaci ne sai su zube, sannan in rundunarka tayi girma zinaren dake shigo maka yana raguwa, a ƙarin Frozen Throne in ka wuce 50 na abinci, wato ma'aunin yawan runduna, kaso 70 na zinaren kake samu, in ka wuce 80 ya koma kaso 40. A Battle for Wesnoth kuma rana ce maganinsu, da dare bugunsu na ƙaruwa da kaso 25, da rana ya ragu da 25.

Ni dai abinda nafi so shine ruɓewa. Gawa ai ruɓewa take. Duk zagaye a zaftare kaso 10 na rundunar kowa, mai 100 yayi asarar 10, mai 1,000 yayi asarar 100, kaga babba shi ke jin jiki kuma babu wanda zai ce dokar bata dace da labarin ba. Amma kar ka sauya doka a tsakiyar wasa kai kaɗai, sai duk takwas ɗin sun yarda, har da mai cin.

Tambaya: Na sauke VCMI a wayata don in buga Heroes III amma yana cewa babu fayilolin gem.

Amsa: Ai gaskiya ya faɗa maka. VCMI injin kunna gem ɗin ne kawai, baya zuwa da hotuna da sauti da taswira. Sai ka sayi Heroes III Complete a shagon gem na intanet GOG, ka saka a kwamfuta, ka kwashe foldojin Data da Maps da Mp3 ka kai wayar. HD Edition na 2015 dake Steam bazai yi ba, babu ƙarin gem ɗin guda biyu da Complete ke dasu a cikinsa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Nice ke gudanar da gem ɗinmu kuma komai yana cikin Google Sheets guda ɗaya, taswira da yawan rundunar kowa da inda ya ɓoye bokansa. Na ɓoye shafukan sirri na bar na kowa da kowa a buɗe, na basu link. Amma akwai ɗaya da kullum yake kai hari daidai inda babu tsaro kamar mai duba. Ta ina yake gani?

Amsa: Ƙanwata ba duba yake ba, link ɗin da kika bashi yake amfani dashi. Zauna da kyau don wannan abun ya jima yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma ba 'yan gem kaɗai ke yinsa ba, masu lissafin albashi da masu sakamakon jarrabawa duk haka suke yi, su danna ɓoye shafi su tura fayil su kwanta barci.

Ɓoye shafi labule ne, ba ƙofa mai kwaɗo bace. An yi shi ne don kar shafuka su cika miki ido. Duk wanda kika bawa damar gyara fayil zai shiga View ya ga jerin shafukan da aka ɓoye ya danna ɗaya ya buɗe, ya gama karantawa ya sake ɓoyewa. Zaki ce ai damar kallo kawai na basu. Toh in baki kashe damar kwafa da saukewa ba, sai ya danna Make a copy, fayil ɗin gaba ɗayansa ya koma nasa har da shafukan sirrin, ya buɗe abinsa a can inda bazaki taɓa gani ba. Ko ya sauke shi a matsayin Excel, duk ɗaya. Wasu kuma suna cewa ai na kulle shafin da Protect. Wannan hana rubutu yake, baya hana karatu. Masu mayar da rubutu fari akan fari kuwa ban ma san me zan ce musu ba, mutum ya ɗora linzami akan gidan ya karanta a sama. Sannan ga tarihin fayil, mai damar gyara zai iya komawa baya ya ga yadda fayil ɗin yake jiya da shekaranjiya, saboda haka ko kin goge sirrin yau, na jiya yana nan zaune yana jiransa.

Dokar ɗaya ce kuma bata da wuya, abinda mutum bai kamata ya gani ba kar ya kasance cikin fayil ɗin da yake iya buɗewa. Shikenan. Uwar fayil taki ce ke kaɗai, babu link, babu "duk mai link zai iya gani", babu ƙawar da kika yarda da ita. Kowane ɗan wasa ki buɗe masa nasa ƙaramin fayil ki raba da imel ɗinsa shi kaɗai, a ciki ki jawo abinda ya shafe shi da IMPORTRANGE (fomular jawo bayanai daga wani fayil), rundunarsa da garuruwansa da abinda 'yan leƙen asirinsa suka hango. Amma anan ma akwai rami, kuma masu ganin sun waye su suka fi faɗawa. Da zarar kin danna Allow access tsakanin fayilolin biyu, duk mai damar gyara ƙaramin fayil ɗin zai iya sauya adireshin dake cikin fomular ya jawo duk inda yaso daga uwar fayil. Kinga an gudu ba'a tsira ba kenan. Don haka damar kallo kawai zaki basu, ban da gyara. In kuma fomula na baki tsoro, kwafa da hannu ki liƙa lambobin zalla, 'yan wasa takwas ko goma ba aikin da zai kashe ki bane.

Toh ta ina zasu turo umarni tunda basa iya rubutu? Google Forms. Fom ɗaya mai sunan ƙasa da lambar zagaye da umarni, amsoshin su zubo cikin shafin da ke kaɗai ke gani, kowacce da ranarta da lokacinta, kinga gardamar "wallahi na turo kafin lokaci" ta mutu. Ki tabbata baki kunna wajen da yake nunawa masu cikewa taƙaitaccen sakamako ba, in ba haka ba kowa zai karanta umarnin kowa, mun dawo gidan jiya.

Kuma tunda na samu wuri bari in ƙara nawa. Duk ƙarshen zagaye ki shiga Version history ki sawa wannan matakin suna, "ƙarshen zagaye na 7", sannan ki sauke kwafi ki ajiye wani wajen da ba Google ba. Ranar da yatsanki ya zame kika jera layi ɗaya kika bar sauran, ƙwarangwal ɗin wannan suka koma gidan wancan, zaki tuna dani. Shi kuma mai duban naki kar ki kore shi, ki raba fayilolin kawai ki zuba ido ki ga ko aljanun nasa zasu ci gaba da aiki.

Tambaya: Ina amfani da RANDBETWEEN, fomular Sheets mai jefo lambar sa'a, wajen yanke sakamakon yaƙi amma lambar bata tsayawa, ko ƙara layi nayi sai ta sauya, har wani ɗan wasa yace ina juyawa ne sai ta fito yadda nake so.

Amsa: Haka aka gina ta, duk gyaran da kayi a shafin sai ta sake jefawa. Da lambar ta fito ka kwafa ka liƙa da Ctrl+Shift+V ta daskare. Amma wannan bazai wanke ka ba, don babu shaidar cewa jefawar farko ka daskarar ba ta biyar ba. In kuna Telegram ka tura alamar dayis ita kaɗai a gaban kowa, sabar Telegram ce ke zaɓar lamba daga 1 zuwa 6, ba wayarka ba. Ka faɗi yaƙin da ake jefawa KAFIN ka jefa, "wannan na harin gada ne", ba bayan ka ga lambar ba.

Shawara kyauta, ka daina yanke yaƙi da dayis ɗaya. A dayis ɗaya 1 da 6 kowacce damarta daidai take da ta 3, shiyasa ƙwarangwal goma suke cinye dubu ana ta rigima. Jefa biyu ka haɗa, 7 na fitowa sau 6 cikin 36, 2 da 12 kuwa sau ɗaiɗai cikin 36. Sa'a na nan amma ta daina hauka.

Tambaya: Dan Allah ina zan samu gem ɗin matattu wanda aka fasa, mai zinare mara ƙarewa?

Amsa: Ba a wajena ba. Manhajar da aka fasa tana tambayarka izinin karanta saƙonni da lambobin waya, kana ganin ƙwarangwal ne suke son gaisawa da danginka? In kyauta kake so ga Battle for Wesnoth, tun 2003 kyauta yake, yana kan Windows da Linux da Mac, har Steam. Kuma gem ɗin dabara da zinare mara ƙarewa ina dabarar?

Tambaya: Malam mutum biyu a cikinmu sai suyi kwana huɗu basu turo umarni ba, duk mu zauna jiransu, yanzu zagaye ɗaya yana cin sati guda. Ina jin nauyin yi musu magana don sun girme ni.

Amsa: Kar kayi musu magana, agogo zai yi. Sa rana da lokaci tsayayyu, misali duk kwana biyu, ka rubuta lokacin da UTC, wato agogon duniya, in ba ƙasa ɗaya kuke ba. Wanda bai turo ba rundunarsa ta tsaya inda take ta kare kanta, wasa ya wuce. Ka roƙi kowa tun yanzu ya bar maka umarnin ko-ta-kwana, irin "in aka kawo hari a ja baya zuwa babban birni". Wanda ya tsallake zagaye uku a jere ƙasarsa ta koma hannun alƙali ko a bawa sabon ɗan wasa. Ka rubuta wannan ka tura kowa ya amsa da "na yarda" kafin zagaye na gaba, su yayyen naka su fara amsawa.

Tambaya: Taswirar da nake zanawa in na tura sai sunayen garuruwa su dushe ba'a iya karantawa.

Amsa: Manhajar tura saƙon ce ke matse hoton. Ajiye shi a PNG ka tura a matsayin fayil, ba hoto ba.