Wa za ta buga wa ƙofa?

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, na saurari muryarki. Kin ce kin ji an rufe ofisoshin da ke kula da ɗalibai baƙar fata a jami'o'in jihar Texas ta Amurka, ko a fasa tura yarinya karatu. To ni dai abin da na ji kina tambaya shi ne, ranar da abu ya dame ta, wa za ta buga wa ƙofa?

Rufewar kam gaskiya ce. Dokarsu SB 17, wadda ta hana irin waɗannan ofisoshi a jami'o'in gwamnati, ta fara aiki 1 ga Janairun 2024, kuma a Afrilu jami'ar Texas da ke Austin ta sallami ma'aikata kusan 60. Tun Yunin 2023 ma Kotun Ƙolin Amurka ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A jami'ar MIT, a 2024, sabbin ɗalibai baƙaƙe sun faɗo daga kashi 13 cikin ɗari zuwa 5.

Amma Yaya, ki bar zancen ofis tukuna. Ku tambaya, malamai baƙar fata nawa ne a sashen da za ta shiga, kuma suna daɗewa ko guduwa suke yi? Duk Amurkan nan wajen 6 ne cikin ɗari. Inda nake koyarwa, duk kwamitin da aka kafa sai an jefa sunana. Ɗalibin da aka wulaƙanta a aji, ofishina zai zo ya yi kuka, ko ba ɗan sashenmu ba ne. Ina yi da zuciya ɗaya, wallahi. Amma ranar duba ƙarin girma sai a ce ina binciken da kika wallafa? Wancan aikin babu mai lissafa shi. Shi ke ci min tuwo a ƙwarya. In ana so a taimaki yaran nan, a ɗauki malamai, a lissafa musu wahalarsu. Haka masu shara da masu girki, su ke fara lura yaro ya rame, albashinsu kuwa... a bar wannan, raina zai ɓaci.

Ki tura ta. Ta nemi ƙungiyar ɗaliban Afirka da ta Musulmi tun makon farko. Kuma ki ja mata kunne, kada ta ce ita 'yar Najeriya ce, ba ruwanta da baƙaƙen Amurka. Kakanninsu ne suka sha duka kafin a buɗe mana ƙofofin nan. Turo min sunan sashen, zan duba malamansu da daddare.