Amsa ga mai son zuwa Akkara da jakar goyo

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun jiya na ga tambayarka, cewa ka gama hidimar ƙasa, ka ɗan tara abin da ka tara, kana so ka goya jaka ka bi mota zuwa Akkara, babban birnin Gana, ba tare da ka san kowa a can ba, kana neman wanda zai faɗa maka abin da mutum ke tararwa ranar da ya sauka. Na yi irin wannan kasadar a 2016 ina ɗan shekara 24, to bari in ba ka abin da idona ya gani.

Maganar hanya ba zan ja ta ba. Daga Legas iyaka uku za ka tsallaka: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. Fasfonka na ECOWAS ya ishe ka, ba ruwanka da biza har kwana 90, amma katin allurar shawara ka cusa shi cikin fasfon tun daga gida. Kana shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya, don haka lokacinsu yake, su da Gana. Ni ban sani ba, sai na ga agogo ya ce bakwai saura, rana kuwa tana nan jajir ba ta faɗi ba. A Lome titi gefen teku yake bi, itatuwan kwakwa a jere, kuma a nan ɗan Kano irina ya fara ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Bayan Aflao za ku haye kogin Bolta a Sogakofe, inda mata za su cika tagar mota da burodi.

Wajen ƙarfe goma na dare muka shiga gari. Abin da ya fara tarbata iska ce mai danshi, wadda ke manna wa mutum riga a baya ko da dare ne, ga ƙaurin kifi banda, ga warin kwata jefi-jefi. Na tambayi yaron mota sunan tashar, ya ce Tudu. Na zaci kunnena ne. Ashe Tudu ɗin dai da ka sani, sunan unguwar ke nan. Ban gama mamaki ba na ji wani a bayana yana cewa, “Kai, kawo kaya nan.” Wallahi sai da gwiwata ta yi sanyi don daɗi.

A nan kuma na yi wautata ta farko. Wani saurayi ya ga jakata da hulata, ya yi mini sannu da zuwa da Hausa, ni kuwa na sake da shi kamar ɗan unguwarmu. Ya kai ni wani masauki, ya yi magana da mai wurin da yarensu, na biya ba ciniki. Da safe wani baƙo a ɗakin kusa ya faɗa mini abin da ya biya, rabin nawa ne cif. Ragowar ladan wanda ya rako ni ne. Ban ce ɓarawo ba ne, sana'arsa ke nan. Abin da ban gane ba a daren shi ne, a Gana Hausa harshen zango ne da kasuwa. Wanda ya yi maka ita zai iya zama Bazabarme, ko Dagomba, ko Kotokoli, ko Mosi, ko jikan Bahaushen da kakansa ya zo fataucin goro bai koma ba. Jin Hausa ba shi ne samun ɗan'uwa ba.

Ita kanta Hausar sai ka saba. Ba su cika raba namiji da mace ba. Wani ya ce mini, “Uwana ya tafi kasuwa,” na yi dariya, na ga ransa ya ɗan ɓaci, ni ma na ji kunya. Kada ka gyara wa kowa magana. Hausarsu ce, da ita aka haife su, kuma ta girmi ni da kai a garin. Sabon Zango kaɗai tun farkon ƙarni na 20 Malam Bako ya kafa shi. Tsofaffinmu ma ai suna da sunan da suke kiran garin, Ankara, ba ta Turkiyya ba.

Garin bai buɗe mini ba sai da gari ya waye. Na fita neman abin karyawa, na tarar da wata mata da babbar tukunya an lulluɓe ta da leda, mutane a layi, har da masu kwat da lakataye. Koko ne mai yaji da citta, su kansu Hausa koko suke ce masa, ana haɗawa da ƙosai. Na sha na tambayi kuɗi, ta ce dubu goma. Gabana ya faɗi. Wani dattijo a gefe ya yi murmushi ya ciro sidi ɗaya ya nuna mini. A 2007 ne aka yi musu canjin kuɗi, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwa guda 1, amma bakin wasu iyaye mata a kasuwa bai bar tsohon lissafi ba. Da rana ka nemi wace, shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a zuba maka taliya da garin rogo da baƙin yajinsu shito. Akwai tuwo zafi, akwai fura, akwai tsire da suke kira cicinga. Cikinka ba zai yi baƙunta ba, sai dai in ka ce sai ka gwada dokunu, wato tuwon masararsu, wannan kam tsaminsa sai a hankali.

Dattijon nan shi ya sa ni a turoturo, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, ya ce in sauka a Nima, wata unguwar zango. Ka lura da hannun yaron mota: in yana juya yatsa kamar yana zana da'ira, Sakul za shi, babban shataletalen da ke ɗauke da sunan Kwame Nkrumah. Kuɗin mota kuma da dama za ka miƙa, sun fi mu ma tsanani a kan hagu. A Nima na yi azahar, na gaisa da liman na ce ni baƙo ne daga Kano. Bai yi wani ɗoki ba, ya tambayi sunan unguwarmu da sana'ar mahaifina, ya yi shiru, sannan ya kira wani yaro ya ce a kai ni ɗakin baƙi. Kwana shida na yi a gidan ba a karɓi ko kwabona ba, sai buhun shinkafa ƙarami da na saya na ajiye ranar tafiya. Lokacin babban masallacin ƙasa na Kanda, mai ginin irin na Turkawa, ana kan aikinsa, sai a 2021 aka buɗe shi. Kai za ka same shi a gama, ka je Juma'a can.

Saboda haka in ka ji shawarata, ka tsara tafiyar yadda za ka shiga Akkara da rana, ko da zai sa ka kwana a Lome. Ka canji sidi kaɗan a iyaka, iya kuɗin mota da abinci, ka ƙirga a gaban ɗan canjin kafin ka miƙa naka. Jakar kuma in ka shiga cunkoson kasuwar Makola ka juyo da ita gaba, ka rungume ta a ƙirji. In ka sa ranar tafiya ka yi mini magana ta akwatin saƙo, in kwatanta maka masallacin nan na Nima.