Shin Kunama Ƙwaro Ce?

Tambaya: Malam, 'yata da ke aji biyu a sakandare ta dawo gida tana cewa an koya musu kunama ba ƙwaro ba ce. Ni kuwa tun ina yaro ƙwaro na san ta. Wa ke da gaskiya?
Daga wani mahaifi, Funtuwa

Amsa: Malam, kai da 'yarka duk kuna kan gaskiya. A Hausa, ƙwaro suna ne mai faɗi, ya haɗa kunama da kiyashi da gizo-gizo. A ajin kimiyya kuwa ƙafafu ake ƙirgawa.

Ni da haka nake fara koya wa ɗalibaina. Fara nake kamo musu, su ƙirga: ƙafa shida, jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki, ga 'yan eriya biyu a goshi. Haka sauro, ƙudan zuma, gara da kyankyaso suke. Su ne ƙwari a wurin masana. Kunama kuwa ƙafarta takwas, ban da hannayen da take damƙar abinci da su, kuma ba ta da eriya ko fiffike. Danginta su ne gizo-gizo da kaska. Wani masani Bafaranshe, Lamarck, shi ya ware su daga ƙwari a 1801. Akwai abin da na taɓa gani da idona a ƙarƙashin tulun mahaifiyata: kunama ta goyo 'ya'yanta farare tas a gadon baya. Haihuwarsu take yi, ba ta saka ƙwai kamar fara.

Duk da haka, kunama da danginta gida ɗaya suka fito da ƙwari, tare da ƙaguwa, shanshani da ƙadandoniya: masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo mai tauri da suke saɓulewa in za su girma.

Duk waɗannan ba su da ƙashin baya. Sauran marasa ƙashin baya gidajensu daban. Tana da matsattsaku jikinsu zobe-zobe ne. Katantanwa tana cikin masu laushin jiki, kuma ita na fi so iyaye su sani, domin ƙananan katantanwar kududdufi ne ke rainon tsutsar tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini bayan wanka a ruwan.

Ka gwada 'yar taka da wannan: maciji fa, tunda ba shi da ƙafa, ɗan'uwan tana ne? In ta ce a'a, yana da ƙashin baya, to ta fahimci darasin.