Ga mai son karatun tarkon ayon a Turai

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin farko a fiziks, kana son zuwa Jamus ka koyi kama ayon ɗaya tak a sanyaya shi da hasken leza, amma kana fargaba don ba ka taɓa riƙe leza ba. Kada wannan ya hana ka barci, a ɗakin bincike ake koyonta.

Sai dai ka zo da shirin aikin hannu. Ayon ƙwayar zarra ce da aka cire wa ilektiron, shi ya sa lantarki ke iya sarrafa shi. Lantarkin da ke tsaye ba ya riƙe shi, sai ana sauya shi sau miliyoyi a daƙiƙa. Wannan dabarar, wato tarkon ayon, ta Wolfgang Paul ce na jami'ar Bonn, wanda ya samu Nobel a 1989 tare da Hans Dehmelt. Wajen sanyayawa, ana saita leza ƙasa kaɗan da saurin kaɗawar hasken da ayon ke sha, sai ayon ya fi shan hasken idan yana tafiya zuwa wajen lezar, kowane sha kuma ya rage masa gudu. A ayon na kalsiyam, haske mai tsawon zango nanomita 397 ke wannan aikin, na 866 kuma ya dawo da ayon idan ya zame wani matakin makamashi. Haka zafinsa ke sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na digirin Kelvin.

Kafin ka ga ɗigon hasken da ayon ke fitarwa a kyamara, za ka sha wuya. Tukunyar ƙarfen da tarkon ke ciki sai an zuƙe iskarta tas, a naɗe ta, a gasa ta kwana da kwanaki a zafi kusan digiri 200 na ma'aunin Salsiyas. Shatin yatsa ɗaya a ciki ya isa ya mayar da kai baya. Ga madubai jere a tebur, kana murza ƙusa kaɗan-kaɗan har hasken ya faɗa daidai. Wallahi wannan haƙurin shi malamai suka fi nema.

Don haka tun yanzu ka kama haɗa na'urorin lantarki da koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ka riƙe darasin kwantam, wato fiziks na ƙananan abubuwa irin ƙwayar zarra, da kyau. Fara da digiri na biyu. Duba Mainz, da PTB, cibiyar awo ta ƙasar Jamus, a Braunschweig, da Innsbruck a Ostiriya. Yawancin jami'o'in gwamnatin Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma biza na buƙatar sama da Yuro 11,000 a rufaffen asusu, sai in ka samu tallafi irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗalibai tallafin karatu. A digirin digirgir kuwa galibi albashi ake biya. In za ka rubuta wa farfesa, karanta takardarsa ɗaya tukuna, ka yi masa tambaya a kanta.